Magogin Goron Alhaji Halliru

Alhaji Halliru na unguwar Bololo jikan mahajjata ne da suka yada zango a garin nan ba su ƙarasa Makka ba. Fataucin goro ya gada, kuma 'yan kasuwa sun shaida cewa da gatsa ɗaya yake bambanta daushe da sabon goro.

Da matauninsa ya lalace, likita ya dasa masa ƙarfen da zai riƙe sabon haƙori a ƙashin muƙamuƙi, ya ɗinke dasashin da zaren da ke narkewa da kansa. Ya gargaɗe shi kada ya tauna abu mai tauri sai zaren ya ɓace, nama ya haɗe, in ba haka ba dashen zai girgiɗe. Halliru bai gaya wa kowa ba sai ƙanwarsa Safiyatu.

Zaren bai narke ba wasu mutanen unguwar Ridina suka zo neman auren Wasila, 'yar ƙanensa marigayi. Halliru ne waliyyinta, kuma a al'adar gidan, waliyyi ke fasa goron farko ya tauna a gaban baƙi. In ya ajiye bai ci ba, ya ƙi ke nan. Ga shi kuwa akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin gidajen biyu.

Kafin ya fita zaure, Safiyatu ta tare shi. "Yaya, ga magogin Baba. Ka goga kawai."

"Ni za ki mayar tsoho mai wawulo a gaban mutanen Ridina?"

"To, je ka tauna, ka jiƙa musu tabarma da jini."

Aka miƙa masa farin goro. Ya fasa, ya riƙe, yana taɓa ƙullin zaren da harshe. Malam Ghali, baffan saurayin, ya soma laluben takalmansa.

"Alhaji, ko goron namu bai kai ba ne?"

Halliru ya kai ɓarin goron baki, ya tsaya. Sannan ya ɗaga murya: "Safiyatu, aiko da abin nan."

A gaban kowa ya goga goron a jikin magogin, wani gwangwani mai huji-huji, ya zuba garin a harshe, ya haɗiye. "Bakina a ɗinke yake," in ji shi. "Na karɓa."

Malam Ghali ya saki takalman. "Kalas, shi ke nan! In ka gama miƙo mini. Ni na daɗe ina tsotsa a ɓoye."

An ɗaura auren Wasila, dashen kuma ya kama. Magogin yana aljihun Halliru har yau.