Tahiyata Biɗar Ungozomar Tagwaye

Talata, Sakkwato zuwa Goronyo

Ƙarhe biyar da rabi na asuba nih hita gida, ban tada kowa ba, don in na tada su ba su bari in tahi. Na ɗaure rosarina, carbinmu na coci, ga ƙugu cikin zane, nis sa babban mayahi, niɗ ɗauki littahin rubutuna da biro. Matan zumunta, ku kunka ce in rubuta muku yadda tahiyar tak kasance, to ga shi. Da tsuhana nik koyi rubutu, wadda tag ga kuskure ta gyara cikin ranta.

Ga dalilin tahiyar, don waɗanda ba su sani ba. Jikata Usaina za ta aure, an sa rana kahin Azumi, tunda cocinmu ba a ɗaura aure cikin Azumi. Sunka je wurin Fada, limamin cocinmu, yac ce ta kawo katin baftisma. Babu kati. Tun da uwarta Ladi tar rasu, dangin ubanta sunka riƙe ta, su ko ba su damu da coci ba. Nic ce ma Fada ni niy yi mata baftisma da hannuna ranar da anka haihe ta a Goronyo, ita da ɗan tagwaicinta Hassan, don yaron ya zo ba lahiya, bai kai azahar ba.

Fada yac ce: "Mama, in rai na cikin hatsari kowa na iya yi. Amma sai da ruwa zalla, wane ruwa kinka zuba? Kuma wa yaz zuba, wa yaf faɗi kalmomin? Dole mai zubawa shi zama shi na mai faɗi."

Nan nit tsaya. Shekara ashirin da biyar ina cewa na yi, ban taɓa tambayar kaina yadda niy yi ba. Na tuna ƙwarya. Na tuna tukunyar wankan jego kan wuta da ganye ciki. Na tuna hannuna na rawa. Sauran babu.

Yac ce kada in damu, in akwai shakka ana yi ma Usaina baftisma bisa sharaɗi, wato ko da ta farko ba ta yi ba, a yi aure ranar da anka sa. Nic ce: "To shi Hassan da ke cikin ƙasa, kana tono shi ka sake mai?" Mutum ɗaya tar rage da ke cikin ɗakin ran nan, ungozoma, Inna Kulu, Musulma, maƙwabciyarmu lokacin da maigidana ke aiki wurin madatsar ruwa. Ita nit tahi biɗa.

Na isa tasha da duhu-duhu, mota ta cika tun shida da rabi, direba yaƙ ƙi tashi. Nic ce: "Ɗana, mi muke jira?"

"Inna, hanya ba ta buɗe ba. Sai mun ga motar can ta iso."

Bakwai da kwata wata mota tash shigo ɗauke da albasa, direbanta yaɗ ɗaga hannu, sannan munka tashi. Kuɗin mota ya ninka wanda nis sani. Mu huɗu baya, wadda ke kusa da ni 'yar Rabah ta, tana goye da jinjiri. Tac ce su wajensu in za su hita sai sun yahi juna da mutanen gida. Ni ban yahi kowa ba, sulalewa niy yi.

Munka wuce Achida, munka wuce shingen sojoji biyu. Ga na biyu anka ce kowa shi sauka shi taka da ƙahwa. Wani soja yad dube ni yac ce: "Mama, ina zuwa?" Nic ce ziyara. Yac ce: "Ki ziyarta da wuri ki koma."

Bayan mun bar mararrabar Wurno da kamar minti ashirin, direba yak kashe rediyo. Yar rage gudu, yas sauka gehen titi gaban wasu rumhuna da babu kowa ciki.

"Mi yaf faru?"

"Tun ɗazu ba mu gamu da mota ko ɗaya ba."

Ban taɓa sanin rashin mota na kashe ma mutum jiki ba sai ran nan. Motoci biyu sunka tsaya bayanmu. Titi fayau, rana ta hito, ba ka jin komi sai kukan kurciya. Wani dattijo gaban mota yaj juyo yac ce in 'yan bindigan daji sunka hito kowa shi kwanta, kada a gudu, kuma mata su cire 'yan kunne tun yanzu. Mai jinjiri tas sa ma yaron nono don kada shi yi kuka. Su suna salati, ni ina laluben ƙwayoyin rosari ta bisan zane. Nit tambayi kaina, in sunka kama ni sunka ce in yi karatun salla, mi za ni cewa. Ƙarya ba ni iya yi musu, gudu ba ni iyawa, gwiwa ta mutu tun tuni.

Minti arba'in muna nan. Sai ga mai babur da buhunan tafarnuwa. Direba yat tare shi. Yac ce babbar mota ta tal lalace tat toshe gada, ba mutanen daji ba na. Babu wanda yay yi dariya. Munka isa Goronyo sha ɗaya saura.

Garin ya cika da baƙi. Gindin kowace itaciya mata da yara da ƙullin kaya, mutanen ƙauyukan da anka kora. Nis sayi masa ta ɗari biyu nic ci tsaye, nin nuhi tsohuwar unguwarmu. Gidan Kulu na nan, amma wasu ke ciki. Wata Hajiya Abu, mai sai da kayan miya tun zamaninmu, tag gane ni.

"Talatu 'yar coci? Ke ba ki mutu ba?"

"Ke nike jira ki riga ni."

Tac ce Kulu ta koma Giyawa wurin ɗiyarta shekarun baya. Nic ce a sama mani babur. Tar riƙe mani hannu: "Ba ki zuwa. Jiya ma mutanen can sun kwana nan." Taa aika anka bincika cikin masu gudun hijira, wajen la'asar wata mata taz zo tac ce Kulu ta bar Giyawa tun da anka ɗauki surukinta, tana Magarya ta ƙasar Wurno wurin ɗanta Isa.

Kahin rana ta faɗi nij je inda munka binne Hassan, bayan tsohin gidajen ma'aikata. An yi gonar albasa wurin. Nit tsaya bakin kunya, ban san wace addu'a ta dace ba, ta wanda anka yi ma baftisma ko ta wanda kakarshi tal lalata mai. Nik kwana ɗakin Hajiya Abu. Tuwon dawa da miyar kuka tab ba ni.

Laraba, Goronyo zuwa Wurno da Magarya

Takwas da rabi munka bar Goronyo, motoci biyar jere, don ba mai son tahiya shi kaɗai. Goma saura kwata ina Wurno. Masu babur uku sunka ƙi ni. Na huɗu, wani magidanci mai hurhura ga gemu, yac ce shi ɗan can na, amma da sharaɗi: "Inna, in nic ce sauka, ki sauka. In nic ce mu koma, ba gardama. Kuma ƙarhe biyu ina dawowa, da ke ko ba ke."

Sau biyu shina kashe babur tsakiyar hanya shi saurara. Na biyun, munka ji ƙarar babura can nesa, da yawa. Yat tura namu bayan wata kuka, munka duƙa. Ƙarar tay yi gabas har taɓ ɓace. Nic ce su wa na. Yac ce: "Ban sani ba, kuma ba ni son sani." Zanena ya jiƙe, ba zuhwa kaɗai ba. Na faɗa muku don kada wata ta ce ni, Talatu Baronika, jaruma ta.

Sha ɗaya da rabi niy yi sallama gidan Isa. Maza duk suna fadama. Nii ishe Kulu zamne bisa tabarma tana ɓarar gujiya, ta ƙanƙance, ido ɗaya ya tahi. Nif faɗi sunana. Tac ce: "Talatu mai kunun da ba gardi. Wa yam mutu?"

"Ba kowa. Tambaya nika yi."

"Kin biyo hanyar ga don tambaya? Ashe har yau ba ki da hankali."

Anka kawo hura nish sha. Nic ce ta tuna mani ranar da Ladi tah haihu, kada ta rage komi.

"Namijin yaf fara hitowa, da hantsi, shuɗi kamar an tsoma shi baba. Kinka ce za ki yi mai wankanku na coci. Kinka ɗauki ƙwarya kinka nuhi tukunyar da ke tafasa. Nic ce ke, dahe ɗan mutane za ki yi? Niɗ ɗebo miki na randa."

"Na randa? Ba komi ciki?"

"Mi za a sa cikin randa? Ruwan rijiya na."

"Wa yaz zuba?"

"Kin ce in zuba miki, hannunki na rawa. Nic ce a'a, addininku na, ni ba ni shiga. Yaro nir riƙa miki. Ke kinka zuba, sau uku, bisa kai, rabi ga zanena."

"Ina magana?"

"Kina yi. Kin kira sunanshi, kin ce kina yi mai abin nan naku, kinka jera sunaye uku, kowace zubawa ɗaya. Kada ki ce in maimaita, da alwalata."

"Da ranshi lokacin?"

"Har atishawa yay yi. Sai da anka jima yac cika."

Niz zamna ƙasa sosai. Sannan nic ce: "To sai niy yi ma macen."

Kulu tad daina ɓarar gujiya. "Wace macen? Lokacin ba ta ma hito ba. Da taz zo, da ƙarhinta, tana tsala kuka, ke kina bakin randa rungume da gawa. Ko kallonta ba ki yi ba sai da la'asar. Ba ki zuba mata komi ba, Talatu. Ina nan har anka yi suna."

Nic ce ta sake tunani. Tac ce idonta yam mutu, ba kanta ba.

Nih hiddo littahi don in rubuta shaidarta in kai ma Fada. Nir rubuta na Hassan tsab. Da niz zo ga Usaina, biro yat tsaya. Kulu ba ta karatun boko, matar Isa ba ta yi, babu mai yi cikin gidan. In nir rubuta "duka biyun", an gama; ko nic ce ita ma ba ta tuna ba, Fada na yi mata baftisma bisa sharaɗi, a yi aure ranar da anka sa. An riga an ɗinka anko, an yi sanarwa sau biyu cikin coci. In nir rubuta gaskiya, sai yarinya ta zamna ajin katikis na koyon addini wata da watanni kamar sabuwar tuba.

Kulu tac ce: "Mi kike jira? Ni dai ba ni zuwa Sakkwato in ƙaryata ki."

"Na sani."

Nir rubuta: macen ba a yi mata ba. Nik karanta mata duka da ƙarhi. Tas shafa baƙin tukunya ga babban yatsa tad dangwala. Tac ce: "Ki gai da amarya. Ki ce ni niy yanke mata cibi, ta aiko mani da goro."

Biyu saura minti goma mai babur yay yi hon. Munka rabu ba mu ce sai wata rana ba, mu biyu mun san shekarunmu da hanyar da ke tsakani.

Komawa gida

Na samu motar ƙarshe daga Wurno ƙarhe uku. Direba gudu yay yi kamar ana bin shi, ba wanda yac ce shi rage. Wajen Dinawa munka wuce wata mota ƙonanna gehen titi, kowa yak kau da kai. Biyar saura muna Sakkwato. Ban biya gida ba, gidan Fada niw wuce nim miƙa mai takarda. Yak karanta sau biyu. Yac ce ta Hassan ta yi, babu shakka cikinta. Ta Usaina, ko a roƙi izinin Bishop a ɗaura auren haka nan ba Misa, wato babbar ibadar coci, ko ta shiga aji a yi mata baftisma ga Ista, aure shi biyo baya. Yac ce ita za ta zaɓa, ba ni ba.

Gida nii ishe su sun tada hankali, an biɗe ni har asibiti. Nij ja Usaina ɗaki nif faɗa mata, ban yi kwana-kwana ba. Tay yi kuka, tac ce na kunyata ta gaban dangin miji, tac ce shekara ashirin da biyar ina mata ƙarya. Nic ce ban san ƙarya ta ba, amma ƙarya ta.

"Shi Hassan fa, Kaka?"

"Shi an yi mai. Da ruwan randa, da hannuna."

Tash share ido da bakin zane. "Ko wurin hitowa shi yar riga ni."

Ta zaɓi aji. An ɗaga aure sai bayan Ista. Uwar ango ba ta gaishe ni har yau, matsalarta ta.

Na gode ma Allah da yak kai ni yad dawo da ni. Na gode ma Hajiya Abu da tah hana ni zuwa Giyawa, da mai babur ɗin da ban ko tambayi sunanshi ba, da Kulu da taƙ ƙi zuba ruwan nan. Wadda duk tas san mai zuwa Magarya cikinku ta faɗa mani, akwai goro da za a kai.