Kwana Tara da Haliru Ya Yi Yana Zargina

Ina shara a bakin rudun da nake ajiye albasa a Aliero saƙon ya shigo, daga lambar Balkisu matar Haliru. Wai mota ta buge shi a kan babur a hanyar Maiyama, Allah Ya yi masa rasuwa. Ban yarda ba. Na kira lambar, ba a ɗauka ba. Na kira ƙanensa, sai da na ji kukan mata a bayansa sannan na yar da tsintsiyar na zauna a ƙasa. Haliru ne ya koya mini kada in gaskata rubutu a waya sai na ji murya.

Tare muka tashi da Haliru a Alelu, tare muka yi kiwon awaki. Ni na tsaya a aji uku na sakandare na bi albasa, shi ya ci gaba har ya yi difiloma a kwamfuta, ya buɗe shagon gyaran waya a Jega. Siririn mutum ne, mai yawan kallon hannun mutane. Idan ka miƙa masa waya, sai ya fara tambayar wa da wa suka taɓa ta. Har ni ba ya buɗe tasa wayar a gabana sai ya juya baya. Na sha yi masa tsiya, in ce ko Balkisu sai ta faɗi lambar sirri kafin ya buɗe mata ƙofa. Daga baya lauyoyi suka fara kawo masa aiki: hoton da aka goge, saƙon da wani ya ce ba shi ya tura ba.

Bara abin ya zo kaina. Mun yi cacar baki da Alhaji Yari, maƙwabcina a fadama, kan hanyar ruwa, a gaban mutane. Bayan mako guda saƙo ya je masa ta Wasaf daga lambata, cewa zai ga toka a inda albasarsa take. Washegari rudunsa biyu suka ƙone. Aka kama ni, aka karɓe wayata. Na kwana huɗu a tsare kafin a ba da belina, kuma lauyata Barista Khairiyya ta gaya mini gaskiya, idan saƙon nan ya tabbata nawa ne, gidan yari zan tafi.

Na je wurin Haliru ina jiran ya ce sharri aka yi mini. Bai ce ba. Ya ɗauko takarda ya zaunar da ni kamar baƙo.

"Wa ka ba wayarka cikin watan nan?"

"Ba kowa."

"Lawali, kai da ko wuta babu unguwarku? Ina kake caji?"

Sai na tuna. Mu nan ranar kasuwa kowa yakan bar wayarsa a rumfar mai caji, kuma mukan cire makullin don a zuba mana wa'azi da labarai. Haka kowa ke yi. Wayoyi sun fi hamsin a kan tebur, mai rumfar ya tafi salla, wannan ya ɗauka ya duba ya ajiye.

"Ka bar ɗakinka buɗe tsakiyar kasuwa ka tafi yawo," in ji shi. "Amma wanga bai nuna ba kai ka tura ba."

Maganar ta yi mini zafi, har na daina zuwa shagonsa.

Barista ta samu izinin kotu a duba wayar. Haliru ya ƙi taɓa ta sai a gaban ɗan sandan da ke riƙe da ita da lauyan Alhaji Yari, kuma duk abin da ya danna sai ya ɗauki hoto ya rubuta lokaci. Nan ya gano an haɗa Wasaf ɗina da wata waya, ta yadda mai ita zai rubuta da sunana daga duk inda yake. Ranar da aka haɗa ta dace da ranar kasuwar. Bai tsaya nan ba, sai da ya je gidanmu ya tambayi matata ko ina da waya ta biyu, ya je rumfar cajin sau uku. Mai rumfar ya rantse bai san wanda ya yi ba. Har yau ban sani ba. Ina gaisawa da mutane a kasuwa ina kallon hannunsu.

Ya rubuta rahotonsa, ya yi rantsuwa a kai, ya miƙa wa Barista ranar Laraba. Ranar Asabar ya rasu. Na yi ta tambayar wane direba ne, daga ina yake. An ce baƙo ne, taya ce ta fashe masa. Na bar wa Allah. Bayan sadakar arba'in kotu ta karɓi rahoton ta sallame ni, na fito babu wanda zan fara gaya wa.

Ranar Larabar nan da ya miƙa rahoton, da la'asar na biya shagonsa. Yana sunkuye kan wata waya da ya kwance, na tsaya a bakin ƙofa.

"Haliru, tsakaninka da Allah, ka taɓa zaton ni na tura?"

Bai ɗago ba. "Kwana tara."

"Kwana tara! Ni?"

"Kai hwa. In na yarda da kai ran farko, mi zan kai wa alƙali? Abota?" Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. "Kwana taran nan ko tuwo ban iya ci, tambayi Balkisu. Ka yahe min."

Na ce, "Na yahe."

"To matsa daga nan, ka tare min haske."