Ranar da Malam Isiyaku Ya Roƙi Firjin Mai Fura

Har gobe ba na mantawa da ranar da firjin ɗakin gwajinmu ya mutu, a wani asibiti nan Kazaure, ana tsakiyar bazara. Ku sababbin ma'aikata kun tarar da Malam Isiyaku ya yi ritaya, shi ya sa kuke ganinsa salihi. Lokacin da yake shugabanmu, ko ruwan leda ka sa a firjin nan sai ka ji a jikinka. Furata ma ya taɓa fitarwa ya ajiye a rana, yana cewa, "Wannan ba kanti ba ne."

Yana da gaskiyarsa. A ciki muke ajiye antibodi, wani sinadari a 'yan kwalabe. In an ɗiga shi a jini, sai ya manne wa wata alama da ke jikin ƙwayoyin garkuwa, na'ura ta ƙirga su, likita ya san ƙarfin da ya rage wa mai cutar ƙanjamau. Zafi yana lalata shi, ƙanƙara ma haka.

Firjin ya mutu ana gobe kasuwa. Akwai wata baiwar Allah daga Gwiwa da likita ke jiran sakamakonta kafin ya ƙara mata magani. Ranar kasuwa kaɗai take iya zuwa, don tana ɓoye ciwonta, a gida an san cefane take fitowa. In sinadarin ya lalace, sai an kawo wani daga Kano, ga jikinta ya yi nisa. Na ji tsoro ƙwarai.

Muka zaga asibitin. Firjin rigakafi a cike, na ɗakin magani ya daɗe da zama kabad. Wanda ya rage mai aiki da sola shi ne na Hajiya Tabawa mai fura, a bakin ƙofa.

Malam ya rungumi akwatin sanyi, ni ina biye ina danne dariya. Ya gaishe ta har da rusunawa.

"Hajiya, alfarma muka zo nema."

Ta saurare shi tsaf, ta gyara mayafi. "Malam, ba kai ne mai korar furata daga firjinka ba? Ai wannan ba asibiti ba ne."

"Tuba nake, Hajiya. Ran mutum ne a ciki."

Nan take ta daina wasa. Ta kwashe robobin nono ta buɗe masa wuri. Ta so ta tura kwalaben can sama wajen ƙanƙara don a kyautata masa, ya yi tsalle ya tare. A tsakiya aka sa su, cikin roba mai murfi, da ma'aunin sanyi. Sannan ya jawo benci ya zauna gadi. Duk wanda ya zo sayen fura, sai ya ji shugaban ɗakin gwaji na cewa, "A rufe da wuri, don Allah!"

Washegari aka gwada jinin matar, garkuwarta ta yi ƙasa sosai, likita ya ƙara mata magani a ranar. Ta hau acaɓa da ledar cefanenta, ba wanda ya sani.

Abin da na koya shi ne, tsananin Malam ba don firji yake yi ba, don irin matar nan ne. Bara na gan ta a kasuwa, ta yi ƙiba, tana ciniki da faɗa. Ba ta gane ni ba, ni ma ban gaishe ta ba, don kada in tona mata asiri.