Hannun Nagoggo

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mai'adua a shekarun baya ya karanta rubutun yayana, ko da bai san shi ba. Sunansa na yanka Sama'ila, amma Nagoggo ya bi shi, don goggonmu ta Sandamu ce ta raine shi. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da fenti: kantin magani, wurin gyaran babur, bayan motar shanu. Haruffansa masu kauri ne, kowanne da 'yar jela a ƙasa. Kuma mutum ne mai fariya, ba ya ɓoyewa. Yakan ce shi bai taɓa aza rula a kan allo ba, idonsa da hannunsa sun ishe shi.

Sai hannun ya fara rawa. Ni Ummukulsum na riga kowa gani, ranar da ya zubar da koko a gaban rigarsa a tsakar gidana. Na yi magana, ya ce kofina ne ba shi da mariƙi. Likita ya ba shi magani, rawar ta ragu, amma layin da yake ja ya koma kamar sawun maciji. A daidai lokacin kuma masu shaguna suka gano allon talla na leda da ake kira bana, wadda ake tsarawa a kwamfuta a bugo a Katsina. Gwangwanayen fentinsa suka fara bushewa.

Wanda ya rage masa shi ne Alhaji Maliki mai hatsi na kasuwar Mai'adua, wanda Yaya ya rubuta wa allonsa na farko tun suna samari. Alhaji ya gina sabon shago, ya ce bayan girbi yana son allo babba. Yaya ya gwada a ɓoye, ya ɓata katako, ya kasa. Ya ce mini in aikin nan ya kuɓuce masa, zai rufe rumfar aikinsa ya koma gona a Sandamu. Gabana ya faɗi, don na san shi: in ya rabu da rubutu, zaman jiran mutuwa kawai zai yi.

Ni na ja shi wurin Haulatu, 'yar ƙawata, mai koyar da kwamfuta a wani shago can wajen Kusugu. Ya tafi yana gunaguni, wai da furfurarsa za a zaunar da shi gaban 'yar cikinsa. Na ce masa gemu ba ya hana ilimi. Haulatu ta ce ba buga takarda zai tsaya koyo ba, manhajar zane ce ta dace da shi, irin wadda masu tsara bana ke aiki da ita.

Farkon abin ba a cewa komai. Yana riƙe linzamin kwamfuta kamar buroshi, yana ɗaga shi sama. Rannan ya ja layi ya karkace. Kafin Haulatu ta waiwayo, ya zaro tsummansa mai kananzir daga aljihu yana goge gilashin kwamfutar, kamar yadda ya saba goge ɗanyen fenti.

"Baba, me kake yi?" in ji Haulatu.

"Kuskure nake sharewa, Malama, kafin ya bushe."

Ta danne dariyarta, ta nuna masa maɓallai biyu. Ya danna, layin ya ɓace. Ya sake ja, ya sake dannawa. Haulatu ta ce mini ya dubi gilashin, ya ce, "Ashe akwai wurin da kuskure ba ya bushewa." Daga ranar ya daina gunaguni.

Damina guda ya yi yana zuwa. Ya koyi ɗora zane bisa zane, da haɗa launi, da daidaita girma don kada rubutu ya dishe in an buga shi babba. Abin da ya fi faranta masa shi ne, a nan ba sai ya ja layi da hannu ba: ya aje ɗigo nan, ya aje ɗigo can, layin ya miƙe da kansa, rawar hannu ko oho. Amma haruffan da ke cikin kwamfutar ba su kwanta masa ba. Ya ce duk kamanninsu ɗaya, kamar 'yan makaranta a layi.

Haulatu ce ta kawo dabara. Ta ara masa waya, ya hau babur ɗin haya ya bi ƙauyuka yana ɗaukar hoton tsofaffin allunansa, waɗanda ya rubuta lokacin hannunsa na tsaye. Wasu sun yi tsatsa, wani ma an mai da shi ƙyauren garken awaki. Ya zuba hotunan a kwamfuta, ya bi gefen kowane harafi da ɗigo, ɗaya bayan ɗaya, har ya tara nasa haruffan da jelarsu. Da su ya tsara allon Alhaji, aka bugo a Katsina.

Ranar kasuwa na bi shi Mai'adua, don ba zan iya zaman jiran labari ba. Bai gaya wa Alhaji Maliki yadda aka yi aikin ba, sai aka warware banar aka ɗaura a goshin shagon. Alhaji ya ja da baya, ya kare rana da tafin hannu, ya karanta sunansa. Yaya na tsaye gefe, ya cusa hannunsa na dama cikin aljihu.

"Ana ta ce mini hannunka ya lalace," in ji Alhaji. "To wannan fa? Ko a Maraɗi na ga rubutun nan na san hannun Nagoggo ne."

Yaya ya fito da hannun ya miƙa masa, yana ta rawa a gaban mutane, bai ƙara ɓoye shi ba. "Ya lalace, Alhaji," ya ce. "Amma na riga na kwashe abin da ke cikinsa."

Ni kam na ja mayafi na share ido. Yanzu a rumfarsa akwai kwamfuta a inda gwangwanayen fenti suke a da, masu shaguna kuma sun dawo. Tsumman kananzir ɗin yana nan a aljihunsa, sai dai Haulatu ta sa shi ya yi alkawarin ba zai sake kai shi kusa da gilashi ba.