Ƙadangaren Ruwa da Aka Bar Mini Amana

Ni da na tashi ina harbin ƙadangaru da danƙo, ban taɓa zaton zan yi wa ɗayansu bauta ba. Amma haka ta faru a unguwar Al Asmakh, can ƙasar da na je ci-rani, a tsohon benen da nake haya lokacin ina tuƙa motar kamfani.

Maƙwabcina ɗan Filifin ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da zai tafi hutu gida, ya turo wani akwatin gilashi har ɗakina, ya ce in riƙe masa. Na leƙa, na ja da baya. Ƙadangare ne, amma ya fi hannuna tsawo. Ƙayoyi ne jere a gadon bayansa kamar haƙoran mataji, a gindin wutsiyarsa kuma wata fata a tsaye kamar mafici. Yatsun ƙafarsa masu faɗi ne, wai a garinsu ƙananan kan yi gudu a saman ruwa da su. Abu ɗaya mutumin ya nanata mini: kada ruwa ya yanke masa.

Bai daɗe da tafiya ba korona ta rufe hanya. Aikinsa ya tafi, bizarsa ta mutu, amana ta zauna a wuyana.

Na sha wahalar halittar nan. Sanyin na'ura busar masa da fata yake yi, sai na riƙa fesa masa ruwa safe da yamma. Abincinsa ayaba, gwanda, ganye, wani lokaci har jatan lande, abin da ni kaina sai ranar albashi. Bai san gilashi ba, ya yi ta dukansa da baki har ya ji ciwo, dole na rufe gefunan da tsohon zane. Idan ya tsorata sai ya nutse a kwanon ruwansa, ya daɗe har gabana ya faɗi. Ina zaginsa ina yanka masa gwanda. A hannuna wuyansa ya juya daga ruwan toka zuwa shuɗi mai duhu, kuma ba zan ɓoye ba, na so shi. Mai shi yakan kira ta bidiyo da 'yarsa a cinya, ta yi ta ɗaga wa ƙadangaren hannu.

Da gasar ƙwallon duniya ta matso, mai gida ya ce baƙi zai zuba, mu tashi. Kamfani ya mayar da ni masaukin ma'aikata wajen Lusail, ɗaki ɗaya mutum da yawa, ba a shiga da ko kyanwa. Nan ya zame mini ƙadangaren bakin tulu na gaske. Na rasa inda zan sa kaina, sai na kai shi gidan wani dattijo ɗan garinmu, injiniya, mutumin kirki mai tsakar gida.

"Alhaji, don Allah, ruwa ne ransa," na ce.

"Khalas, shi ke nan, ƙanena, je ka yi duty ɗinka. Ƙadangare ne fa, ba jariri ba."

Daga nan aiki ya haɗiye ni, jigilar baƙi ba hutu. Ran da na samu na leƙa, na tarar da akwatin a tsakar gida, rana na dukan gilashin, kwanon ruwan a kife. Yana kwance a kusurwa, bakinsa buɗe, fatar wutsiyar ta kwanta gefe.

"Wallahi tausayi ya ba ni," in ji Alhaji. "Kullum a jiƙe, cikin sanyi. Ka taɓa ganin ƙadangare a gida ba a kan katanga yana shan hantsi ba?"

Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Ni ma da haka zan yi, in da ba a faɗa mini ba. Na zuba masa ruwa, na sake zubawa, bai motsa ba.

Da mai shi ya kira, na ce ya sauke yarinyar tukuna, sannan na faɗa masa. Bai zarge ni ba, har godiya ya yi mini, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Can ya tambaya a hankali ko a cikin ruwa ya mutu. Na kalli kwanon da ke kife. A bayansa ina jin yarinyar tana cewa a juya mata waya ta gani.