Takardar da Gwaggo ta kai gidan surukai

Gwaggona shekara goma sha tara ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin binciken ciwon daji, kuma wallahi ban taɓa ganin mai riƙo irinta ba. In ka taka ta yau, sai ta adana abin ta jira har ka manta.

'Ya ɗaya ta haifa, wadda muke ce wa Yaya. Yaya ta yi aure ta haifi biyu, mace da namiji. Namijin yana shekara huɗu ciwon daji ya ɗauke shi. Ba a rufa wata biyu ba uwar mijin ta tara dangi a falonta, ta ce jinin gidanmu ne ruɓaɓɓe, shi ya kashe mata jika. Ɗan nata, sakarai, ya saki Yaya, suka riƙe yarinyar. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa da takalmi a hannu, ta adana maganar.

A wurin aikinta akwai wata likita mai binciken jinin giwa, ana kawo mata shi daga gidan namun daji cikin akwatin ƙanƙara. Gwaggo ba ta yi karatu mai nisa ba, amma akwai tambaya. Wata rana tana goge tebur ta nemi sanin abin da ake nema a jinin wannan ƙatuwar dabba. Likitar ta ce cikin abin da muke gada daga iyaye akwai wani kamar mai gadi. In ƙwayar jiki ta lalace, ko ya gyara ta ko ya kashe ta kafin ta zama ciwo. Ɗan Adam biyu gare shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Giwa kuwa, da kakanninta suka yi ta ƙara girma tsawon zamani, nata suka yi ta ninkuwa har kusan arba'in, shi ya sa duk girmanta ciwon bai cika kama ta ba. Yaron da ya gaji ɗaya a lalace, saura ɗaya tak ke tsaronsa.

Gwaggo ta ajiye tsumma. "Ana iya gane daga wa ya gada?"

Wata bakwai tana zarya. Aka nemo ajiyayyen jinin marigayin a asibiti, aka ga mai gadinsa ɗaya a lalace. Aka gwada Yaya, nata biyun lafiya ƙalau. Gwaggo ta tuna uban mijin da ƙanwar mijin, duk wannan ciwon ne ya kashe su da ƙuruciya. Likitar ta ja mata kunne cewa ba a yanke hukunci sai an gwada mijin shi kansa. Ina, Gwaggo ta riga ta ninke takardar sakamakon.

Ni na raka ta gidan surukan, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Ta zaɓi ranar da dangi suka cika falon nan, ta shiga da takalminta a ƙafa, ta sa na karanta da ƙarfi.

"Jinin 'yata fes yake," in ji ta. "Ruɓaɓɓen, ki neme shi a jikin ɗanki."

Uwar mijin ta sunkuyar da kai a gaban danginta. Shekara uku Gwaggo ke jiran wannan lokacin, ta kuwa tsaya ta more shi.

Sai labule ya motsa. 'Yar Yaya ce, da kayan makaranta, ashe ta ji komai.

"Kaka, ni ma ina da shi?"

Duk tanadin da Gwaggo ta yi na wannan rana, ba ta sa yarinyar nan a ciki ba. Ta damƙi hannun jikarta, ta juya ga uwar mijin ta ce gobe da safe za ta zo ta kai ta gwaji, kuma duk wanda ya isa ya tare mata ƙofa.

Sai da muka isa gida na lura hannunta wayam. Takardar ma a kan kujerarsu ta manta ta.