Wutar Wankan Yaya Rabi

Gidanmu a Madarumfa yana gangaren tabki, kusa ƙwarai, har idan damina ta yi nisa muna jin kukan kwaɗi kamar a tsakar gida suke. Babanmu masunci ne. Mu yaran gidan ba mu rasa kifi ba, ba mu kuma rasa tatsuniya ba, don muna da kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Tagabi saboda daga Gabi aka auro ta. Tsohuwa ce gajera, mai ƙarfin hannu da kaifin baki. Ta san kowane haki da ke bakin ruwa, da sunansa da aikinsa. Idan cikinka ya murɗa ta jiƙa maka saiwa, idan tari ya kama ka ta dafa maka ganye, kuma sau da yawa sai ka ga ka tashi. Ni ce abokiyar tsokanarta. Takan ce da ni mai idon mujiya, ni kuma in ce da ita mai haƙori uku, ta biyo ni da muciya tana dariya.

Daminar da nake da shekara tara, yayata Rabi ta zo daga Ɗan Issa, inda take aure, don yin wankan jego na haihuwar fari. Mace ta haifa, aka sa mata Sa'a. Rabi ita ce ɗiyar farin innarmu, saboda haka Inna ba ta kiran sunanta, ba ta shiga ɗakinta, ba ta ma yarda a gan ta tana kallon jaririyar. Kunya ce, haka muka taso muka gani. Duk hidimar mai jego sai ta koma hannun Tagabi, ita kuwa abin da take so ke nan. Takan yi alfahari cewa ba a taɓa ba ta mai jego ta mayar da ita gidan miji a rame ba. Kwana arba'in, sai mace ta fito daga hannunta kumatu sun cika, zane da ƙyar yake zagaya ta.

Aka girka rabin tano, wato gangar ƙarfe da aka yanke biyu, a kan manyan duwatsu bayan ɗakin Rabi. Safe da yamma ana tafasa ruwa a kwashe a kai bayi, Tagabi ta tsoma ganyen dogon yaro tana fyaɗa mata a jiki har tururi ya rufe su. Daga nan sai kunun kanwa cike da ƙwarya, da kifi ya sha yaji da gishiri. Idan an gama wankan yamma, wutar ba ta mutuwa nan da nan. Bayan magariba sai mu kewaye garwashin muna gasa masara, Tagabi ta miƙe ƙafafu ta fara ba mu tatsuniya. Ban san wani lokaci da ya fi wannan daɗi a yarintata ba, kafin ranar da zan faɗa.

Bayan suna da ƴan kwanaki, Rabi ta fara cika. Ƙafafunta suka yi nauyi, fuskarta ta yi faɗi. Tagabi ta yi ta murna, tana kiran maƙwabta su zo su ga aikinta. Amma Rabi ta ce numfashinta yana guntulewa idan ta kwanta. Baba ya ɗauke ta ya kai ta likita, kamar yadda muke kiran asibiti. Suka dawo da ƴan ƙwayoyi farare ƙanana a jere cikin kati mai ƙyalli, da umarnin lokotoro, wato dokta: ɗaya kowace safiya, a daina kanwa, a rage gishiri, a sassauta zafin ruwan wanka. Baba ya faɗi haka a tsakar gida yana kallon ƙasa, don uwarsa yake gaya wa.

Rabi ta fara shan ƙwayar, tana ture kunun da sunan ya yi mata zafi. Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Kafin hantsi sai ta zagaya bayi sau biyar, sau shida. Cikin kwana huɗu ƙafafun suka sace, fuskar ta faɗa, ƙasusuwan wuyanta suka fito. Ita ta ce ta ji sauƙi, har tana samun barci. Tagabi kuwa gani take yi ana kwashe mata jika a gaban idonta. Na ji tana gaya wa wata tsohuwa cewa wannan ƙwayar tsotse mutum take yi, kuma in ruwan jiki ya ƙare, nono ne zai bi baya.

A ranar ta ba mu tatsuniyar. An yi ruwa da la'asar, itacen ya jiƙe, wutar ta fi hayaƙi yawa da haske. Ba ta jira mun roƙe ta ba. Ta juya fuskarta wajen ƙofar ɗakin Rabi, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri."

Muka ce ta zauna lafiya, kamar kullum.

Ta ce wata mai jego ce a wani gari na bakin ruwa irin namu. Uwarta tana yi mata wanka tana dama mata kunu, har ta yi ɓul-ɓul. Rannan da tsakar rana, gida ba kowa, sai ga wata baƙuwa ta yi sallama, doguwa, sanye da fararen kaya, mai sanyin murya. Duk inda ta taka sai sawun ya jiƙe, amma mai jego ba ta lura ba. Baƙuwar ta ce ta ga nauyin jiki yana damunta. Ta buɗe hannu, ga ƴan tsaba farare kamar haƙoran jariri. Ta ce ta haɗiye ɗaya kowace safiya, ta bar kunun uwarta, za ta ji ta sakayau.

Ta haɗiye ta farko, ruwa ya fara fita daga jikinta, da yamma tabki ya matso taku ɗaya. Ta haɗiye ta biyu, tabki ya cinye gonakin bayan gari. Ta uku, nono ya ƙafe, jaririya ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Mai jego kuwa sai daɗi take ji, tana cewa ba ta taɓa jin jikinta da sauƙi haka ba. A nan Tagabi ta rage murya, har sai da muka matso.

"Ran kwana bakwai uwar ta shiga da kunu, ta yaye zane. Ba kowa bisa gado sai hwata, busassa, kamar salkar da aka manta a rana. Ruwa ko ya iso bakin ƙohwa. Baƙuwar nan tana tsaye cikinsa har gwiwa, ta miƙo hannu biyu, ta ce a ba ta ɗiyar, tunda mai jegon tana wurinta."

Ƙanwata ta fashe da kuka. Tagabi ta janye itacen daga wuta, ta ce tatsuniya ta tafi, kowa ya tashi. Na san Rabi ta ji daga ɗakinta.

Ni ban yi kuka ba, kwanaki na shiga ƙirgawa. Rabi ta sha huɗu. Da safe na gangara bakin tabki, na tarar ruwa ya rufe dutsen da muke wanki a kansa. Kowace damina haka yake yi idan gulbi ya kawo ruwa, na san da haka, amma a ranar ban tuna ba. Washegari ya kai gindin bishiyar da Baba ke ɗaure kwalekwale. Shida ke nan. Sai na tuna matar da ke miƙa magani a likita fararen kaya take sawa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na yini ina leƙa ɗakin, ina duba ko Rabi tana nan cikin zanenta.

Da yamma, da Tagabi ta shiga bayi da ita, na lallaɓa ɗakin na ɗaga murfin kwallar da take ajiye maganin. Na kwashe duka, har da katin da ba a fara ba. Na zagaya na cusa su ƙarƙashin tano, na tsaya har na ga sun narke. Wani wari ya tashi, na riƙe numfashi kada ya shige ni. Na koma ina jin na ceci yayata, har masara biyu na ci a ranar.

Da safe Rabi ta nemi maganinta, ta zazzage kaya, ba ta gani ba. Ta tambaye ni, na ce ban sani ba. Ta daɗe tana kallon wurin da Tagabi ke dama kunu. Ta ɗauka kakarmu ce ta kwashe. Ba ta gaya wa Baba ba, don kada ta haɗa shi da uwarsa. Inna kuwa ba a zancen Rabi da ita. Da aka kawo ƙwaryar kunu, ta karɓa ta shanye.

Ta sake cika, fiye da na farko. Fara'ar Tagabi ta dawo, tawa ma haka. Muka yi kusan mako biyu muna murna, ni da ita, muna kallon Rabi tana kumbura. Ta daina kwanciya, a zaune take kwana ta jingina da bango, ta ce haka ya fi mata daɗi. Tana tari, wata ƙara tana fita daga ƙirjinta kamar ruwa na tafasa a nesa. Wata safiya, a tsakiyar wanka, ta sulale ƙasa. A ranar ce kaɗai na ji Inna ta kira sunan Rabi, da ƙarfi, a gaban kowa.

A amalanke aka kai ta likita, na bi su a guje, ba wanda ya tsaya korata. Lokotoro ya danna ƙwaurinta da babban yatsa ya ɗaga. Wurin ya zauna rami, bai dawo ba. Ya kira Tagabi ta gani.

"Iya, wanga ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciya ta gaji, ta kasa tura shi. Ina ƙwayar da na ba ta?"

Baba yana bin kowa da kallo. Na buɗe baki, amma Tagabi ta riga ni.

"Ni na zubar."

Aka wuce da Rabi Maradi a mota. Kwana uku ta yi a can. Da suka dawo babu Rabi, Inna ce ke goye da jaririyar.

Baba ya fi shekara ba ya wuce gaisuwa da uwarsa. Matan unguwa suka daina kawo mata masu jego, wasu har nuna ta suke yi da baki idan ta wuce. Ta shanye duka, ba ta taɓa kare kanta ba. Ba ta ƙara ba mu tatsuniya ba, idan muka roƙa sai ta ce ta manta. Ni kuma na girma da abin a cikina, ban gaya wa kowa ba, kuma ba na iya kallon tabki idan ya cika.

Sai bayan na yi aure, Tagabi ta kwanta ciwon ajali, na je na durƙusa kusa da ita na ce ina da magana. Ba ta bari na gama ba. Ta ce ai ita ke kwashe tokar wutar, tun washegari ta ga guntun katin ya ƙanƙance a ciki. Ta gane wadda ta yi, kuma a lokacin daɗi ta ji, shi ya sa ta yi shiru.

"Hannunki ya jehwa, amma bakina ya aike shi. Don Rabi na yi tatsuniyar nan, in tsorata ta, ta bar ƙwayar. Na manta akwai ƙananan kunnuwa gaban wuta."

Ban sani ba ko ƙwayar za ta riƙe Rabi. Kwana ya ƙare, haka kowa ya ce, kuma Allah ne masani. Ban kuma zubar da abin da Tagabi ta koya mini ba. Har yau ina dafa zogale, ina jiƙa saiwarta idan ciki ya murɗa, kuma tana aiki. Tsohuwar ta san haki, ta san ganye. Abin da ba ta sani ba shi ne ruwa yana iya kama da ƙiba, kuma duk son da take wa Rabi bai nuna mata ba. Abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna shi ne tatsuniyar ta faɗi gaskiya ta wani wajen, don ruwa ne ya ci mai jego. A cikin ƙirjinta ya taru, ni da kakata muna hura masa wuta muna murna.

Sa'a a hannuna ta ƙarasa girma. Bana ta haihu, ta zo wurina wanka. Na girka tano, amma ruwan mai ɗumi ne. Kununta na gero da tsamiya ne, ba kanwa, ga kifi ga zogale. Ƙwayar ƙarin jini da aka ba ta a likita ni ke miƙa mata da hannuna, sauran suna ɗaure a bakin zanena. Bayan magariba yaran gida sukan kewaye garwashin su roƙe ni tatsuniya, in ba su ta dariya, ina auna kowace kalma kafin ta fita. Tsofaffin unguwa suna cewa ban iya jego ba, yarinya ba ta yi jiki ba. Nakan ce sun yi gaskiya.

Jiya wata maƙwabciya ta shigo, ta dubi Sa'a ta ce masha Allah, ai ta fara cika. Kafin matar ta kai ƙofa na durƙusa na kama ƙwaurin Sa'a na danna da babban yatsa. Tana dariya tana tambayata abin da nake nema kullum a ƙafarta. Na ɗaga yatsan na tsaya ina kallon wurin, ban numfasa ba sai da naman ya dawo.